Kafin ka sayi famfon rijiya

Maigida na Icirnawa, kada ka tafi Matamaye sayen famfo sai ka auna rijiyarka. Auna ta da bazara, cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya.

Injin da ke zama a bakin rijiya ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. In ruwanka ya fi haka nisa, sayen sa asarar kuɗi ce. Nan sai famfon hannu India Mark II, ko Vergnet da ake takawa da ƙafa. Mai hali ya sa na hasken rana, ya riƙa cika masa tanki.

Tambayi mai sayarwa ko ana samun kayan gyara a Damagaram. Tankin kuwa a rufe bakinsa, saboda ƙura da sauro.