Houx: itacen da iri nasa ke kwana shekara biyu a ƙasa

Idan ɗari ya kama a ƙasashen Turai, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, yawancin itatuwa sukan kakkaɓe ganye, garka ta zama fayau sai tsirarun rassa. A wannan lokaci ne wani itace ke fitowa fili, ganyensa kore shar mai sheƙi da ƙaya a gefe, ƴaƴansa ja wur cikin dusar ƙanƙara. Faransawa na kiransa houx, mutanen Ingila holly, masana tsirrai kuma Ilex aquifolium. Da rassansa ake ƙawata gidaje lokacin Nowel. A Jamus doka ta hana tsinkar na daji, kuma shi aka zaɓa itacen shekara ta 2021.

Mai son shuka shi daga iri yakan tsinki ƴaƴan da suka nuna cikin ɗari, ya murje su cikin ruwa har ƙwayoyin su fita, yawanci 4 a kowane ɗa. Sai ya cuɗa su da rairayi mai danshi cikin tukunya, ya rufe da ragar waya saboda ɓeraye, ya ajiye a inuwa a waje. Daga nan sai jira. Ɓawon ƙwayar na da tauri, ɗan tsiron da ke ciki kuma bai gama ƙosawa ba lokacin da ɗan itacen ya nuna. Dole sai ya sha ɗumin watanni, sannan sanyin watanni, kafin ya motsa. Shi ya sa tsiro ba ya leƙowa sai bayan wata 18, wani lokaci har shekara 3. Masu gaggawa kan sa rairayin cikin firigo don ya maye gurbin ɗari, amma ko hakan ba ya rage jiran sosai.

Babbar matsalar tana gaba. Itacen nan akwai namiji akwai mace, kuma macen kaɗai ke ƴaƴa, muddin akwai namiji kusa da zuma za ta kwaso garin furensa a watan Mayu ko Yuni. Ba a bambance su da ganye. Sai sun yi fure, bayan shekaru da dama, mutum zai san abin da ya rena. Wanda ya raya tushe guda tak yana iya ƙarewa da namiji, ko da mace marar abokin barbara. Manoman dabino na Ingal da Bilma sun san wannan caca, don haka suka fi dogara da ƴaƴan gindi bisa ga ƙwallo.

Masu sayar da dashe a Turai ma haka suke yi: suna yanko reshe daga macen da aka sani su kafa shi, tunda ja ɗin ne mai saye ke biya. Sunan dashen kuwa ba abin dogaro ba ne. Wanda ake kira Golden King, wato sarki, mace ce. Golden Queen, sarauniya, namiji ne.

Ƴaƴan guba ne ga mutum, suna sa amai da gudawa, shi ya sa ake nisanta su da yara. Tsuntsaye kuwa da su suke fidda yunwar ɗari, su zubar da ƙwayoyin cikin kashinsu a gindin shinge, inda houx na daji kan tsiro.