Ƙwayoyin Gado Masu Ƙaura Cikin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya saba ɓare masara ya san wadda tsabarta ke fitowa da ɗigo-ɗigon launi. A irin wannan masara ce wata masaniya Ba'amurkiya, Barbara McClintock, ta gano cikin shekarun 1940 cewa akwai ƙwayoyin gado da ke barin mazauninsu su koma wani. Aikin nan ya samo mata lambar Nobel a 1983.

Ɗan Adam ma yana da irinsu. Waɗanda ake kira LINE-1 sun cinye wajen kashi 17 cikin ɗari na kayan gadonsa. Galibinsu sun riga sun mutu, sauran kuwa jiki ya ɗaure su tamau, domin in ɗaya ya faɗa cikin ƙwayar gado mai amfani sai ya ɓata ta.

A 2005 masana na Cibiyar Salk a Kalifoniya suka nuna a jikin ɓeraye cewa ɗaurin yakan sassauta sa'ad da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke samuwa. Wani sinadari, Sox2, shi ke gadinsu, da zarar ya ragu sai su sami kafa. Akwai kuma wani mai gadin, MeCP2, wanda lalacewarsa ke jawo ciwon Rett, mai kama yara mata ya hana su magana da aiki da hannu. A 2010 aka tarar ƙaurar ta fi yawa a ƙwayoyin masu wannan ciwo.