Jitar da Ɗalibi Ya Ƙera Ba Ta Ɓoye Kuskure

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ya sauka Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, yau kuma wannan saurayi, Mdou Moctar, na cikin makaɗan jita da ake tururuwar kallo a Amurka da Turai. Jitarsa ta fari ba sayenta ya yi ba. Gidansu ba sa son kiɗa, sai ya samu katako ya ɗaura masa wayar birkin keke. Haka Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Mali, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, ya fara da gwangwani da sanda da wayar keke. Mu ma nan gida abin ba baƙo ba ne, don kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne ake rufewa da fatar akuya. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya koyi ƙirar a aji. To me zai hana ɗan sakandare a Ƙafin Maiyaki ko Bebeji ko Tudun Wada ya tunkari malaminsa ya ce, "Malam, ni a wannan zangon jitar lantarki nake so in ƙera da hannuna," a ba shi lokaci, a kuma ba shi maki a kai? A ganina ya kamata a bar shi, ko da kuwa har abada ba zai zama makaɗi ba.

Jitar lantarki, duk da sunanta, ba a jona ta da wutar gari. Ita ce ma ke samar da 'yar wutarta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, zagaye wajen dubu takwas a irin na kamfanin Fender. Tsirkiyar ta ƙarfe ce. Da an taɓa ta ta soma karkarwa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun da ya ratsa naɗin, wuta 'yar mitsitsiya, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba, ta taso cikin wayar tana kai-komo daidai da saurin karkarwar. Amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta mayar da ita amo. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ke nan a Ingila a 1831, kuma ita ke aiki a janareton mai shago, da manyan injinan Kainji, da yawancin makirfon da ake wa'azi da su. Tana cikin manhajar fiziks, yara na haddace ta kamar kowane darasi, su zubar da ita a ƙofar ɗakin jarrabawa. Amma yaron da ya zauna yana naɗin koyil, wayar ta tsinke masa ana tsaka da aiki ya kwance ya sake, ya ɗaura tsirkiyar roba ya ji shiru, ya sauya ta ƙarfe ya ji ɗaki ya ɗauka, ba sai an sake gaya masa abin da maganaɗisu ke kamawa da abin da ba ya kamawa ba.

Lissafin da ke wuyan jita ya ma fi wannan tsanani. Akwai 'yan ƙarafa da ake jerawa a gicciye, ana ce musu firet, kuma tazararsu raguwa take yi ana tafiya. Idan tsawon tsirkiya milimita 648 ne, kamar na yawancin jitocin Fender, sai a raba shi da 17.817, a samu 36.4. Nan ne mazaunin na farko. Abin da ya rage a sake raba shi da wannan lamba a samu na biyu, haka har ƙarshe, kuma dole na goma sha biyu ya faɗo tsakiyar tsirkiya cif, a kan milimita 324. Wanda ya kauce da milimita biyu ba ya buƙatar malami ya ja masa jan biro, domin kowa a ajin, har wanda bai iya rabawa ba, zai ji amon ya karkace. Ga kuma tsirkiyoyi shida suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 40 zuwa 50, ta yadda duk wanda ya yi gaggawa ya sassaƙa ɗanyen ice, kafin hutu wuyan ya tanƙware. Nan ne nake ganin darajar aikin take. Mun saba da karatun da ake kwafar amsarsa, da gwajin kimiyyar da ake zanawa a allo saboda babu kayan aiki. Jita kuwa ko ta yi amo daidai ko ba ta yi ba, babu alfarma a tsakani.

Za a ce ina kuɗin, ina kayan aikin? Tambayar na da tushe, sai dai tarihinmu ya nuna ba a nan gizo ke saƙar ba. Da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982 an shigo da injinan koyar da fasaha daga waje aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu kuma malaman da suka iya tayar da su. Ita kuwa jitar lantarki tun asali a hannun masu 'yan dabaru ta girma. Makaɗin jita Les Paul a wajajen 1940 guntun katako mai kusurwa huɗu ya ɗaura wa tsirkiya. Leo Fender, wanda ya fitar da jitar Telecaster, daga baya kuma Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Brian May na ƙungiyar Queen yana ɗan shekara 16, a 1963, ya fara ƙera tasa tare da mahaifinsa da katakon tsohon murhu da sifirin ɗin babur, kuma da ita yake kiɗa har yau. Abin da suka yi amfani da shi akwai irinsa a kudancin Kano. Maɗaci, wanda danginsa na cikin itatuwan da kamfanonin jita ke nema, yana wurin kafintoci. Maganaɗisu na cikin matacciyar sifika, siririyar waya na cikin tsohuwar taransifoma ta rediyo, dalma na wurin mai gyaran waya, sifika mai caji irin ta masu tallar magani a kasuwa kuma ta isa a gwada sauti. Masu naɗin koyil na fanka da janareto sun fi malamai da yawa sanin yadda ake riƙe waya kada ta tsinke, kuma ba aibi ba ne makaranta ta tura ɗalibi wurinsu, ko zuwa kwalejin fasaha ta Bagauda ya ga aiki.

Ba lallai ma a fara da tsirkiya shida ba. Gurmi ko kuntigi mai tsirkiyar ƙarfe da maɗaukin sauti guda ya fi sauƙi, kuma ya fi kusa da kunnenmu.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta addini da mutunci, kuma bai dace a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Malamai da dama a Kano na ganin kayan kiɗa masu tsirkiya haramun ne, wasu na sassautawa, ga kuma tsohon kallon da ake yi wa kiɗa a matsayin sana'ar roƙo. Ba zan ce ƙerawa daban kaɗawa daban ba, don wanda ya haramta abu ba zai halatta ƙera shi ba. Uban da ya ce ɗansa ba zai yi ba yana da haƙƙi, makaranta kuma ba ta da hurumin tilastawa. Sai dai wannan hujja ce ta kada a wajabta jita a kan kowa, ba ta kai ga hana ɗalibi zaɓen aikinsa ba. Wanda gidansu bai yarda ba ya naɗa makirfo ko sifika, ko ƙaramin janareto da iska ke juyawa, naɗin ɗaya ne, maganaɗisun ɗaya ne. A yankin da ya haɗa Musulmi da Kirista, kamar wasu sassan Doguwa da Tudun Wada, akwai yaran da jita ke cikin ibadarsu ta Lahadi, su kuma babu abin da zai hana su.

Saura masu cewa jarrabawar WAEC da NECO ba ta tambayar wannan, kuma yaro na iya biyan kafinta ya yi masa. Ta farkon rabinta ne gaskiya, tunda tambayoyin maganaɗisu da na sauti da na jerin lissafi suna fitowa, kuma tun 2011 manhajar babbar sakandare ta tanadi kowane ɗalibi ya ɗauki darasin sana'a guda, wanda a makarantu da yawa ya ƙare a rubutun allo. Ta biyun kuwa maganinta na hannun malami. A sa yaro ya riƙe littafin aiki tun ranar farko, ya rubuta awon da ya yi, da zagaye nawa ya naɗa, da abin da ya lalace da yadda ya gyara. Ranar gabatarwa malami ya ɗora yatsa a kan firet na bakwai ya ce, "Kai, nuna mana yadda ka samo wurin nan." Wanda aka yi wa aiki a shago zai tsaya yana kallon silin, wanda ya yi da kansa kuma zai nemi alli.