Ƙwayoyin hana gajiya da ƙarfin namiji

Ƴan'uwa manoma na Kona da sauran karkarar Tasawa da Mayahi, ga wata magana da maza ke jin nauyin faɗi. Amma ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Wane irin magani ne?

Akwai wata lalura mai hana mutum tara hankalinsa wuri guda. Yaro ba ya zama cikin aji. Babba ba ya ƙare aikin da ya soma. Likitoci suna ba masu wannan lalura magani mai farkar da ƙwaƙwalwa. Ɗaya sunansa amfetamin. Wani likita a Amurka ya soma ba yara shi a 1937. Ɗaya kuma shi ne Ritalin, wanda aka haɗa a ƙasar Suwis a 1944. A 1971 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya kada a sayar da su sai da takardar likita.

Mi suke yi wa namiji?

Suna kore barci, suna rage cin abinci, suna sa zuciya gudu. Suna kuma matse hanyoyin jini. To, gaban namiji ba ya tashi sai jini ya cika shi. Shi ya sa wani mai shan maganin ƙarfinsa ke raguwa. Wani sha'awar iyali ta tafi, wani kuma ta yi yawa. Ba kowa abin ke samu ba.

A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi. Wani lokaci Ritalin na sa gaba ya miƙe da zafi, ya ƙi kwanciya. Ba a cika ganin haka ba. Amma in ya wuce awa 4, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Jinkiri na iya kashe gaban har abada.

Ina ruwan mutanen karkara?

Ba a cika rubuta waɗannan magunguna a karkara ba. Amma ƴan tebur suna sayar da ƙwayoyin hana gajiya a kasuwa. Samari na sha lokacin noman gero, ko wurin cin rani. Sananniya cikinsu ita ce taramol. Ita ba dangin Ritalin ba ce, maganin ciwo ce mai ƙarfi. Likita kan ba da mai lamba 50 ko 100. A kasuwa har mai lamba 225 akwai. Wasu na shan ta don su daɗe wajen kwanciyar aure. In aka jima ana sha, sha'awa sai ta mutu. In aka sha da yawa, mutum na faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Daga nan sai rigima ta shiga gida. Maigida ya ce sammu ne, ya zargi matarsa, ya sayar da damin gero ya kai wa boka. Alhali ciwon na cikin aljihunsa.

Mi ya kamata a yi?

1. Kada a sayi ƙwaya wurin ɗan tebur.
2. Wanda likita ya rubuta wa magani, in ya ga canji, ya koma ya faɗa masa. Likita na iya rage maganin ko ya sake wani.
3. Kada a haɗa shi da maganin ƙarfin maza na kasuwa.
4. Wanda ya saba da taramol, kada ya bari rana ɗaya. Ya tafi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Tasawa ko na Mayahi, a rage masa sannu sannu.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa abokansa a dandali. Lafiya uwar jiki.