Shirin Musamman: A Wanke Ciwo Kafin a Manna Filasta

Shirinmu na yau ya leƙa unguwar Abatuwa a nan Jos, inda babbar mayankar dabbobi take. Garin dutse ne, yaro ba ya rabuwa da tuntuɓe, kuma da ya shigo gida da ƙujewa a gwiwa sai gardama ta tashi: a manna filasta ko a bar ciwon ya sha iska? Ni dai ina bayan rufewa, amma da sharaɗi ɗaya, a wanke tukuna.

Masu cewa iska ce ke warkar da ciwo suna hujja da ɓawon da ke bushewa a kai, suna ganin shi ne alamar sauƙi. To, a 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya gwada wannan a fatar ƙananan aladu, ya gano cewa sabuwar fata ta fi saurin tofowa a ciwon da aka rufe ya riƙe danshinsa fiye da wanda aka bari ya bushe. Dalilin a fili yake. Sabuwar fata daga gefe take rarrafowa zuwa tsakiya, ɓawo mai tauri kuwa tare mata hanya yake yi. Ga kuma hunturun Jos da ke tsattsaga fata; ɓawon gwiwa yakan dare da zarar yaro ya durƙusa, jini ya sake ɓallewa.

A Abatuwa akwai ƙarin dalili. Ƙwayar cutar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama. Inda shanu da awaki ke wucewa kullum, ga ƙuda ga ruwan kwata, barin ciwon yaro a buɗe ganganci ne. Zuba masa toka, ko ƙasa, ko man birki kuwa ya fi ganganci muni.

Wata uwa za ta ce, ai filasta ruɓar da ciwo take yi, an ɓare an tarar da ruwa da wari. Gaskiyarta, hakan na faruwa, sai dai ba laifin filastar ba ne. Filasta murfi ce, abin da ta tarar shi take rufewa, ko tsafta ko datti. Iya, ki fara wanke hannunki da sabulu, ki danna wurin da ƙyalle mai tsabta har jinin ya tsaya, ki kwarara ruwa mai kyau har tsakuwar ƙarshe ta fita, ki tsane gefen. Sannan ki manna, farar audugar tsakiya a kan ciwon, gam ɗin a kan lafiyayyar fata. Kullum a canza, haka ma duk lokacin da ta jiƙe.

Akwai kuma inda filasta ba ta da hurumi. Sukar ƙusa ko tsinin ƙashi, cizon kare, yankan da ya buɗe baki, kumburi mai zafi da mugunya, duk na asibiti ne, ba na kemis ba. Idan za a tafi, a riƙe katin rigakafin yaron, domin ma'aikaciyar lafiya za ta duba ko ya samu alluran nan uku na mako 6 da 10 da 14, waɗanda kariyar tetanos ke cikinsu.