Ladin Kogi, Tsuntsun da Aka Yi wa Ƙage a Bakin Kada

A shekarar 1526 wani matafiyi mai suna Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, ya kammala littafinsa na bayanin ƙasashen Afirka a birnin Rum. A ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, ya kuma ambaci Gobir, ya ce ƙasa ce mai yawan shanu da tumaki, mai gwanayen ɗinkin takalma. Can wajen ƙarshen littafin, da ya zo kan dabbobi, sai ya ba da labarin wasu 'yan tsuntsaye a Kogin Nilu da ke shiga bakin kada su tsince masa tsutsotsi. Ya ce idan kada ya yi niyyar rufe baki da tsuntsun a ciki, wata ƙaya ce a kan tsuntsun take soke shi, dole ya buɗe.

Ba shi ya fara faɗa ba. Kusan shekara dubu biyu kafin shi, Hirodotus na ƙasar Girka ya rubuta cewa kada kan fito gaɓa ya wangale baki, wani tsuntsu ya shiga ya cinye masa matsattsaku. Aristotil ya maimaita, wasu suka ɗauka daga gare shi, labari ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi. Da masana na baya suka tashi neman tsuntsun da ake nufi, akasarinsu suka nuna ladin kogi.

Wanda ya taso a bakin gulbi mai yashi, irin Gulbin Rima da ya bi ta Sabon Birni ko Bunsuru da ya bi ta Isa, ya san irin wurin da wannan tsuntsu ke so: tudun yashin da ruwa ya janye ya bari da rani. Tsawon tsuntsun bai wuce santimita 20 da 'yan kai ba. Kansa baƙi ne da farin zane a saman ido, bayansa toka-toka mai shuɗi, cikinsa ruwan ƙasa mai haske, ga baƙin zare ya zagaye ƙirji kamar an rataya masa laya. Ba ya cika tsoron mutane. Da gudu yake kiwo, ya tsaya cak, ya tsinci ƙwaro, ya sake zurawa.

A 1758 Karl Liniyas, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin sanya wa halittu suna biyu-biyu, ya shigar da shi cikin littafinsa. Bai taɓa ganinsa a bakin kogi ba. Bayanin ɗalibinsa Hasselquist ya bi, wanda ya je Masar ya kuma rasu a hanya a 1752. Liniyas ya ajiye tsuntsun cikin gidan Charadrius, wato 'yan tsuntsayen gaɓa masu gajeren baki, ya laƙaba masa sunan Masar. A 1816 wani Bafaranshe, Vieillot, ya ga bai dace da wurin ba, ya buɗe masa gida nasa, Pluvianus. Daga baya kuma aka ɗauke shi aka kai cikin dangin Glareolidae, tsuntsayen da wasunsu ke gudu a busasshiyar ƙasa, wasunsu ke cafke ƙwari a sama. Nan ya daɗe, masana na ta ƙorafi, don ko a can ɗin bai zauna daidai ba.

Sai da aka koma binciken ƙwayoyin gado sannan magana ta fito fili. Nazarce-nazarcen da aka buga a 2007 sun nuna ba shi da kusanci da waɗancan. Tushensa ya fi karkata ga ɓangaren da Liniyas ya fara kai shi, amma reshensa ya rabu tun da daɗewa, bai bar wani ɗan'uwa na kusa da rai ba. Yau dangi guda aka ware masa, Pluvianidae, shi kaɗai a ciki. Kama da wane ba ta wane. Babban dangin da aka raba shi da su, Charadriidae, yana da iri sama da 60 a duniya, kuma a cikinsu ne zakaran ƙeƙuwa yake, mai kwarmaton nan na fadama da ke da ƙaya a gwiwar fiffike. Saboda wannan ƙaya wasu suka ce ai shi al-Wazzan ya gani, ya dai ɗauke ƙayar daga fiffike ya mayar kai. A ganina sun fi kusa da gaskiya a siffa, amma shi ma ba a kama shi a bakin kada ba.

Ita Masar ɗin da aka jingina wa ladin kogi, tun farkon ƙarni na 20 ya ɓace daga cikinta. A kogunan kudu da Sahara yake zaune, daga Senegal da Gambiya, ya ratso Neja da Binuwai, har Habasha, ya gangara arewacin Angola.

Shaidar zamani da aka fi kafa hujja da ita kan batun kada ta fito ne daga wani Kanar na sojan Ingila, Richard Meinertzhagen. A littafinsa na 1959 ya ce ya ga ladin kogi a bakin kada da idonsa a Sudan. Mutum ne da ake girmamawa ƙwarai, wanda ya ba gidan tarihin halittu na Landan dubban fatun tsuntsaye. Ya mutu a 1967. A 1993 wani masani, Alan Knox, ya bankaɗo cewa Kanar ya riƙa satar fatun tsuntsaye daga gidajen tarihi, ya canza musu takardar shaida, ya ce shi ya harbo su a wata ƙasa dabam. Da aka zurfafa bincike, ɓarnar ta wuce yadda aka zata. Wanda ya yi ƙarya a kan gawar tsuntsu da ke ajiye a akwati, wa zai karɓi shaidarsa a kan abin da shi kaɗai ya ce ya gani? Hoton nan kuma da ke yawo a intanet, na ladin kogi tsaye cikin bakin kada, haɗi ne na kwamfuta.

Abin da tsuntsun ke yi na gaske ya fi ƙagen ban mamaki. Thomas Howell, wani masani daga Amurka, ya zauna a Gambela ta Habasha yana lura da waɗannan tsuntsaye, ya buga sakamakonsa a 1979. Ba su yin sheƙa. Macen takan yi ƙwai biyu ko uku a ɗan rami cikin yashi, kuma duk lokacin da za su tashi sai su tura yashi da baki su rufe, ka zo ka tsaya a kai ba ka sani ba. Da rana ta take, lokacin da ba mai iya taka yashi ba takalmi, zafin zai iya dafa ƙwan. Sai uwa ko uba ya ruga cikin ruwa, ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya kwanta a kan wurin, yashi ya jiƙe ya huce. Haka suke safa da marwa har rana ta yi sanyi, kusan wata guda. Bayan an ƙyanƙyashe ma, idan shaho ko mutum ya doso, 'ya'yan sukan lafe, iyayen su binne su da ransu cikin yashi har hatsari ya wuce.

Duk wannan ya dogara ga tudun yashin da ambaliya ke sabuntawa kowace damina, shi ya sa madatsun ruwa da ɗibar yashin gini suke taɓa ladin kogi kai tsaye. A yankin Sabon Birni da Isa, inda rashin tsaro ya sa ko zuwa fadama ya zama kasada, masunta da masu noman rani ne suka fi kowa kusa da gulbi. Idan Allah ya kai ku tudun yashi da bazara, kuka ga ladin kogi na kai da kawowa tsakanin ruwa da wuri guda, ku kauce da dabbobinku, ku hana yara tonawa. Ƙwai ne a wurin.