Ƙungiyoyin likitoci: su yi magana ko su yi shiru?

Wanda ya biyo ta Gaweye da safe zai ga jama'a suna ta kwarara zuwa babban asibitin ƙasa na Yamai: Bahaushe da Bazabarme, Bafillace da Buzu, har da baƙin ƙasashen maƙwabta. Likita ya yi rantsuwa tun ranar da ya karɓi takardarsa cewa ba zai dubi ƙabila, ko launin fata, ko addini, ko jam'iyyar majinyaci ba. Wannan alkawali na mutum ɗaya ne. To, amma idan likitoci suka taru suka zama ƙungiya, ya kamata su sa baki cikin sha'anin mulki, ko kuwa su tsaya ga allura da magani kawai? Ga abin da ya faru a wasu wurare.

Ran 18 ga Agusta 1977 ƴan sandan Afirka ta Kudu suka kama Steve Biko, shugaban matasan baƙar fata masu ƙin mulkin wariya. Shi kansa ya taɓa karatun likita a jami'ar Natal. Aka yi masa dukan da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa a birnin Port Elizabeth. Likitocin gwamnati biyu, Ivor Lang da Benjamin Tucker, suka duba shi yana ɗaure da sarƙa. Lang ya rubuta takarda cewa bai ga wata cuta a jikinsa ba. Tucker kuwa ya yarda aka jefa shi tsirara a bayan mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria. Can ya cika ran 12 ga Satumba, yana da shekara 30.

Laifin mutum biyu abu ne mai sauƙin hukuntawa. Abin da ya fi muni shi ne yadda manyansu suka yi. A 1980 hukumar da ke horon likitocin ƙasar ta ce ba ta ga dalilin tuhumarsu ba, babbar ƙungiyar likitoci, MASA, ta goyi bayan wannan magana. Sai da waɗansu likitoci ƙalilan suka kai ƙara gaban shari'a, kotu ta tilasta a 1985 a buɗe bincike. Aka ja wa Lang kunne, aka soke sunan Tucker daga cikin masu aikin likita. Shekara takwas ke nan bayan mutuwar. MASA ba ta roƙi gafara kan halinta na zamanin wariya ba sai a 1995.

Masu cewa ƙungiya ta yi nesa da siyasa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: majinyaci na kowane ɓangare yana bukatar ya amince da mai duba shi. Sai dai a maganar Biko shirun da aka yi bai zama tsayawa a tsakiya ba, ƴan sanda ya amfana.

Rigimar ta kai har ƙungiyar likitoci ta duniya. A taronta na Lizbon a 1981 aka sake karɓar MASA da goyon bayan ƙungiyar Amurka, duk da adawar likitocin Afirka. Dalili kuwa, yawan ƙuri'un kowace ƙasa ya danganta ga yawan membobin da ta biya wa kuɗi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yanke hulɗa da ita a 1982, likitocin Ingila suka fice a 1984. Ita ƙungiyar Amurka ɗin tana da nata tabon: shekaru da yawa rassanta sun hana baƙar fata shiga, har suka kafa tasu a 1895. Ta nemi gafararsu a 2008, a 2020 kuma ta bayyana wariyar launin fata a matsayin barazana ga lafiyar jama'a.

Magana ma tana da tsada, maƙwabtanmu na Nijeriya sun ɗanɗana. Ranar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Sani Abacha ya faɗa a rediyo cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki. Shekara guda ta wuce ba a ga canji ba, sai likitoci suka tuna wa sojoji maganarsu, suka shiga yajin aiki a farkon 1985. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta haramta ƙungiyarsu ta ƙasa, NMA, tare da ta likitoci masu neman ƙwarewa, ta kulle waɗansu shugabanninsu a gidan kaso, cikinsu har da Dakta Beko Ransome-Kuti. Ba za a manta ba cewa a kwanakin yajin talakan da ba shi da kuɗin asibitin kuɗi shi ya fi shan wuya, wannan nauyi kuwa yana kan ɓangarorin biyu.

Beko bai fito ba sai bayan da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki ran 27 ga Agusta 1985. Sabuwar gwamnatin ta naɗa wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya, ya riƙe muƙamin har 1992.